Suwic Biyun da Shitu Ya Wanke

A Tudun Wada, idan tarakta ta ƙi ɗaga garma ko tifa ta ƙi juye yashi, ba a tsayawa tambayar inda za a kai ta. Wurin Shitu ake kaiwa, bayan tasha, gindin wata ɗorawa da baƙin mai ya riga ya kashe ciyawar da ke ƙarƙashinta. Ba shi da allon talla, ba shi da rumfar kirki. Akwatin ƙarfe ne guda, da benci, da wata tsohuwar tasa da ba ta rabuwa da fetur.

Shitu mutumin Yako ne. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ajiye fartanya ya bi 'yan garinsu zuwa Tiga, lokacin ana aikin dam, aka ɗauke shi lebura. Aikinsa bin katafila da gwangwanin giris. Bai yi boko ba, lambobi kawai yake ganewa, amma yana da ido kuma ba ya surutu. Da kallo ya gane yadda famfo ke tura mai cikin fayif, man ya ɗaga ƙarfen da ƙarti hamsin ba za su motsa ba. Da aka gama dam aka riƙe shi a wurin gyaran injuna, ya yi shekara goma sha ɗaya. A can ne wani fayif ya tsage a gabansa, mai ya fito siriri kamar allura ya huda masa tafin hannun hagu. Wata biyu ya yi yana jinya. Tun daga nan bai ƙara raina mai da ke cikin matsi ba.

Da aka rage ma'aikata, sunansa na ciki. Ya ɗaure akwatinsa a bayan babur ya taho Tudun Wada, inda Alhaji Umaru mai motocin dakon hatsi ya nuna masa gindin ɗorawar nan ya ce ya zauna. Shi ke nan zaman.

Ɗabi'a guda ya taho da ita daga Tiga. Duk ƙarfen da zai shiga hanyar mai, sabo ne ko tsoho, sai ya jefa shi cikin tasa ya wanke da fetur. Ya sha ganin ƙwayar yashi guda ta kashe famfon da ya fi shi tsada. Don haka wankin nan ya daina zama shawara a wurinsa, hannunsa ne ke yi ko da hankalinsa na wani wuri.

A ranin 1991 Surajo, ɗan Alhaji Umaru, ya shigo gari da wata mota daga Kwatano. Motar tsere ce, ja, kujera biyu, injinta a baya, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Amma tana da wata dabara. Idan aka taɓa wani maɓalli sai ka ji famfo yana kuka a hankali, motar ta ɗago daga ƙasa kamar taƙi guda, don ta haye rami ko kwalbati. 'Yan tasha suka sa mata suna Raƙuma. Mako uku ana kallo, sai ta durƙusa ta ƙi tashi. Mudi mai gyaran waya ya yi mata abin da ake yi wa kowace mota a garin: ya tsallake suwic ya jona wayar famfo kai tsaye. Ta tashi na yini guda, daga nan ta fara ƙauri, aka turo ta gindin ɗorawa.

Shitu ya yi kwana biyu yana bin fayif da yatsa kafin ya ce komai. Suwic biyu ne, kowanne bai fi babban yatsa ba, aikinsu su kashe famfo idan mai ya kai ƙarfin da ake so. Ɗaya na ƙafafun gaba, ɗaya na baya. Na baya ya fi jure matsi, don nauyin inji a can yake. Duka biyun sun ƙone.

"Babu su a Kano, babu su a Kaduna," ya ce wa Surajo. "Ka aika inda aka yi ta."

Wata huɗu aka yi ana jira. Kaji suka fara kwana a ƙarƙashin Raƙuma.

Wata Laraba da hantsi Surajo ya zo da ƙaramin kwali a hannu, yana ta murna.

"Baba Shitu, sun iso! Ga su nan. Mutumin da ya aiko su ya ce a kula: mai jan ɗigo na baya, mai rawayan ɗigo na gaba. Ya maimaita min har sau uku a waya."

Shitu ya juya su a tafinsa. Kamarsu ɗaya, tsawo ɗaya, zaren murɗawa ɗaya, har lambar da aka buga a jikinsu ɗaya ce. Ɗigon fenti kawai ya raba su, ƙarami kamar ƙwayar dawa.

"Juma'a da safe zan zo," in ji Surajo. "Jos zan wuce, ɗaurin auren abokina. Na riga na ce musu da ita zan zo."

"Allah ya kai mu."

Surajo na tafiya wani manomi daga Kiru ya iso da kukan taraktarsa, wai tana zubar da mai kuma ga huɗa ta tsaya. Mutumin mai dogon zance ne. Shitu yana sauraronsa, yana tambayarsa ta ina man ke fita, hannunsa kuwa yana aikinsa. Sai da manomin ya yi sallama ya sunkuyar da kai, ya ga fetur ɗin cikin tasa ya ɗan yi launi, ba ja ba, ba rawaya ba.

Ya tsamo suwic ɗin. Suna ƙyalli, tas, babu ɗigo ko ɗaya.

Ya daɗe a tsugune. Ya ɗaga su saitin rana yana neman ɗan ragowar fenti a lungun ƙarfen. Babu. Ya auna nauyinsu a hannu, ya girgiza su kusa da kunne, ya hura iska a ramin kowanne. Ya duba kwalin, rubutu ne da ba zai iya karantawa ba, kuma a leda ɗaya suka zo. Gumi ya tsattsafo masa a baya duk da garin da hadari.

Abin da ya fi damunsa shi ne motar ba za ta faɗa masa gaskiya a nan ba. Ko ya ɗaura daidai ko ya juya su, a gindin ɗorawa za ta tashi sumul. Sai an hau titi, mai ya yi zafi. Idan na baya ne ya zauna a gaba, famfo zai yi ta cusa wa ƙafafun gaba ƙarfin da ba nasu ba, har ranar da taya za ta faɗa rami wani abu ya fashe. Motar da ke gudu irin wannan, idan hancinta ya kife a kwalta, ba a tambayar direba. Kuma hanyar Jos ta dajin Falgore take bi, rami a kan rami.

Mudi ya biyo ta wurin yana cin gyaɗa, ya ga fuskarsa.

"Oga Shitu, wa ya rasu?"

Shitu ya nuna masa. Mudi ya yi dariya har yana dafa benci.

"Yau kuma tsafta ta yi rana! To mene ne? Ɗaura mana. Ko dai daidai ne ko ba daidai ba, rabi da rabi. Mu da muke aiki da ƙasa da haka kullum."

"Kai ka ƙona na farko da irin wannan lissafin."

"Ai ta tashi ranar."

"Ta tashi."

"In ka ga dama in samo maka jan farce wajen matata ka ɗiga musu. Wa zai sani?"

Shitu ya sa suwic ɗin a aljihu. Abin da ya tsorata shi shi ne tunanin ya riga ya zo masa kafin Mudi ya faɗa.

Da la'asar ya koma gida da suwic ɗin a aljihun gaba. Matarsa Tasalla ta ajiye masa dambu, ya yi loma biyu ya ture kwano. Shekara ashirin suna tare, ba ta buƙatar dogon bayani, amma ta tsare shi sai da ya yi.

"To Malam, ka gaya wa yaron mana."

"Wata huɗu ya jira. In ce masa na wanke su kamar wanda ya fara aiki jiya?"

"Ai ka wanke su ɗin."

"Na sani."

"Ni dai ban san mota ba. Na san Hajiyarsa. Ita ta yi min zaman biki lokacin haihuwar 'yarmu Rabi. Ba zan iya shiga gidan nan gaisuwa ba ina sane da abin da na sani."

Ta ɗauke kwanon ta shige madafi. Ya zauna yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo. A nan ne dabara ta zo masa. Ba sai ya san ƙarfin kowanne da lamba ba. Abin da yake buƙata kawai ya san wanda ke fara saki. Idan ya ɗaura su biyun a fayif ɗaya, kowanne da ƙwan fitilarsa, ya matsa mai a hankali, ƙwan da ya fara mutuwa shi ne na gaba. Sai dai jak ɗinsa ba zai kai wannan ƙarfi ba. Famfon hannu na gwada nozil ɗin injin gas ake so, kuma wanda ya sani guda ne, a Tiga.

Alhamis ya yi asubanci. An kwana ana ruwa, hanya ta yi laka, sau biyu yana sauka ya tura babur. Kowane ɗan lokaci sai ya dafa aljihu.

Jibrin, abokin aikinsa na da, yana nan a tsohon wurin gyaran injuna, ya yi furfura, ya ƙara tumbi. Bazazzagi ne, abokin wasan Bakano irin Shitu, don haka tun daga nesa ya fara tsokana.

"Wa nake gani kamar bawana? An gaji da ƙauye an dawo wurin ubangida?"

"Ina kwana, Jibrin. Ina iyali?"

"Au, yau babu ramuwa? Lallai da magana."

Da ya ji labarin bai yi dariya ba. Ya dubi tasar fetur ɗin da ke kan nasa bencin, ya ɗan ture ta gefe da bayan hannu.

Suka sha aiki kafin su sami mahaɗar fayif mai baki uku da zarenta ya dace. Suka zubar da gas ɗin da ke cikin famfon, suka wanke, suka zuba mai mai tsabta. Suka ciro ƙwan sigina biyu daga wata matacciyar mota, suka jawo batir. Ƙwayayen suka kama, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Agogon famfon ya daɗe da mutuwa, allurarsa na kwance, don haka ido ne kawai.

Shitu ya kama hannun famfo ya fara dannawa. Ya yi laushi, ya yi tauri, ya ƙara tauri. Sai ƙwayayen suka mutu, kusan tare.

"Na hagu," in ji Jibrin.

"Ni na dama na gani."

"Idonka ya tsufa, Bakano."

"Sake."

Suka saki mai suka sake. Wannan karon Shitu ya kwantar da ƙirjinsa a kan hannun famfon yana sauke nauyinsa kaɗan-kaɗan, ba ya ko numfashi. Na hagu ya yi ƙyaf-ƙyaf ya mutu. Na dama ya tsaya kamar ƙiftawar ido biyu, shi ma ya bi.

"Ka gani?"

"Sake."

Sau bakwai suka yi. Sau shida na hagu ya riga. Amma a na biyar, Shitu zai iya rantsuwa na dama ne ya fara rawa. Jibrin ya ce waya ce ta motsa, ya ga lokacin da gwiwar Shitu ta taɓa ta. Wataƙila haka ne. Kafin ya kwance komai, Shitu ya ɗauki zarto ya yi wa na hagu tsaga biyu a kafaɗa, masu zurfin da ba fetur ɗin da zai goge su.

"Shida cikin bakwai," in ji Jibrin yana raka shi. "Ni da haka zan kwana lafiya."

"Ba kai za ka hau ba."

"Kai ma ai ba kai za ka hau ba."

Shitu ya taka babur ya kama hanya.

Da yamma ya ɗaura su. Ya ɗora motar a kan kututture huɗu kafin ya shiga ƙarƙashinta, don bai yarda da motar da ke tsaye a kan mai ba. Ya fitar da iska daga fayif, ya cika tanki, ya taɓa maɓalli. Famfo ya yi kuka, Raƙuma ta ɗago, famfo ya yi shiru. Masu kallo suka yi tafi. Shi bai ji komai ba, ya san ko a juye suke haka za ta yi. Gwaji na biyar ɗin nan kawai ke yawo a kansa.

Juma'a da safe Surajo ya zo cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Ya zagaya motar yana shafa ta.

"Baba Shitu, wallahi babu irinka! Na ce wa Alhaji..."

"Tsaya, Surajo. Na yi ɓarna."

Ya faɗa masa duka, a tsaye, cikin 'yan kalmomi: tasar, fentin, Tiga, ƙwan fitila, shida cikin bakwai. Bai ce manomi ne ya ɗauke masa hankali ba. Fuskar Surajo ta canza.

"Wanke su ka yi? Sababbi, daga leda? Haba Baba! Wata huɗu fa!"

"Na wanke."

"To yanzu daidai suke ko ba daidai ba?"

"Ina zaton daidai suke."

"Zato?"

"Zato. Shawarata ka bar ta, ka hau motar Alhaji."

Surajo ya juya baya, ya cire hula ya mayar. Shitu ya san halinsa tun zuwansa garin, ya san ba zai bari ba.

"Na riga na faɗa wa mutane. Da ita zan je."

Shitu ya buɗe akwatinsa ya ɗauko filaya. Ya zagaya ɗaya gefen, ya shimfiɗa buhu a kan farar kujerar saboda kayan aikinsa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga.

"Ina kuma za ka, Baba?"

"Garin Doguwa. In za ta nuna hali, kafin can za ta nuna. Ja mu je."

Ya zaro wayar famfo daga ƙasan allon da ke gaban kujerarsa, ya sa ta tsakanin haƙoran filaya ya riƙe. Idan ya ji famfon ya wuce lokacinsa bai yi shiru ba, zai datse. Ko hakan zai isa, bai sani ba.

Suka fita gari. Gonakin masara suka fara wucewa da saurin da bai saba gani ba. Ƙasa tana kusa, kamar a kan tabarma ake jan su. Duk bayan 'yan mintuna famfon yakan farka a bayan kujera, sai Shitu ya fara ƙirga a zuci. Ɗaya, biyu, uku. A bakwai ya yi shiru. Ya sake farkawa, bakwai. Da suka shiga daji mai ya yi zafi, ƙirgar ta koma takwas, ta koma tara. Hannunsa ya jiƙe a kan filaya.

"Rage," ya ce.

"Ai tamanin kawai nake."

"Rage."

Bayan wata gada, rami ya cika da ruwa daga gefe zuwa gefe. Surajo ya gan shi a makare. Tayar gaba ta faɗa, motar ta buga da ƙara, ruwa ya watsu a gilashi. Famfo ya farka. Bakwai, takwas, tara, goma. Shitu ya fara matse filaya, ya ji haƙoranta sun shiga robar wayar. Goma sha ɗaya.

Famfo ya yi shiru.

Hancin motar yana nan a ɗage. Surajo yana ta salati a hankali, shi ma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga nan har Doguwa da kansa ya riƙe ta a sittin.

Suka tsaya gaban teburin wani mai shayi. Shitu ya fito da ƙyar. Ya roƙi tsohuwar jarida, ya durƙusa gefen kowace taya ya zura hannu yana shafa fayif da takardar, ya fito da ita ya duba, ya shinshina. Laka da ruwa. A ƙafar gaba ta dama ya ga danshi mai duhu, ya ɗanɗana da harshe. Ruwan kwalta ne. Ya auna tsayin gaba da baya da taƙinsa, hagu da dama. Daidai.

"Yaya, Baba?"

"Suna wurinsu. Da a juye suke, ramin can ya gama da mu."

Surajo ya sauke numfashi ya jingina da motar. Can ya yi 'yar dariya.

"Mu ƙarasa Jos tare mana. A ci shinkafar biki."

"Taraktar mutumin Kiru na jirana. Ka ji: in famfon ya farka, ka ƙirga. In ya wuce sha biyar bai yi shiru ba, ka tsaya ka kashe ta, ko a tsakiyar daji ne."

"To, Baba."

"Ka gaida ango."

Ya tsaya bakin titi har jar motar ta haye tudu ta ɓace. Sai a lokacin ya zauna a bencin mai shayi, aka miƙo masa ruwa ya sha.

Ƙaramar bas mai komawa Tudun Wada ta zo cike da buhunan masara, aka matsa masa wuri a baya kusa da wata dattijuwar Bafulatana mai ƙwaryar nono a cinya. Sun yi nisa cikin daji tana satar kallon hannunsa, daga bisani ta kasa haƙuri.

"Malam, wannan abin naka ba ya ajiyuwa ne? Kar ka fasa min ƙwarya."

Ya duba. Filayar ce, ya sake ɗauko ta bai sani ba, ya damƙe ta har yatsunsa sun yi fari. Ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya jefa ta aljihu.

"Yi haƙuri, Inna," ya ce. Ya jingina kai da buhu, bas na ta faɗawa ramuka, bai ƙirga ko ɗaya ba.